Yadda Ake Sauya Ma'aunan Sinadari Mai Ƙarancin Yawa: mg/L, µg/L, ppb da 'Yan Uwansu

Tambayar da ta fi yawan zuwa mini daga masu karatu, musamman ɗaliban kimiyya da ma'aikatan ɗakunan gwaji da masu duba ingancin ruwan sha, kusan iri ɗaya ce duk da cewa lafuzzanta sun bambanta: an ba ni sakamakon gwaji da wani ma'auni, ƙa'idar da zan kwatanta shi da ita kuma an rubuta ta da wani ma'aunin, to yaya zan daidaita su? Wani ya ce takardarsa ta nuna dalma 0.012 mg/L (miligiram a lita) a cikin ruwa, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce kada a wuce 10 µg/L (mikrogiram a lita), shin ruwan nan ya tsallake ko ya faɗi? A ido, 0.012 ya yi ƙanƙanta ƙwarai kusa da 10, amma ruwan ya faɗi, domin 0.012 mg/L daidai yake da 12 µg/L.

Lissafin kansa ba shi da wuya, ninkawa ne da rabawa. Inda ake faɗuwa shi ne mutum ya riƙa tura ɗigo hagu ko dama da ka, ba tare da ya rubuta ma'aunin a gabansa ba, alhali kuskure ɗaya a nan yakan zama ninki dubu ne cif. Saboda haka na jera matakan a yadda ya kamata a bi su.

Abin da za ka tanada

Kana buƙatar takarda da biro, da kalkuleta wadda ke iya nuna lambobi irin su 1E-06 (wato 0.000001), da jadawalin sinadarai domin duba nauyin atam, sai kuma ainihin takardar sakamakon da ta fito daga ɗakin gwaji, ba wadda wani ya kwafa da hannu ko ya karanto maka ta waya ba. Idan sakamakon yana da yawa, Excel ko Google Sheets ko LibreOffice Calc za su sauƙaƙa maka. Ba ka buƙatar sayen wata manhaja ta musamman, kuma jadawalin sinadarai kyauta yake a intanet. Inda kuɗi ke shiga shi ne idan kuskuren sauyi ya sa aka sake ɗiban samfur aka sake gwaji, ko aka zubar da kayan da ba su da laifi.

Mataki na 1: Karanta takardar kafin ka taɓa kalkuleta

Ka nemi amsar tambayoyi huɗu, ka rubuta su a gefe. Mene ne aka auna? A cikin me aka auna shi, ruwa ne ko jini ko ƙasa ko iska? Da wane ma'auni aka rubuta shi? Kuma da wane ma'auni ake son amsar? Tambaya ta biyu ce ta fi muhimmanci, domin ita ce za ta gaya maka ko mataki na 4 ne naka, ko na 5, ko na 6, ko na 7. Alamar ppb, wato kashi ɗaya cikin biliyan, da ke kan takardar ruwa da wadda ke kan takardar iska rubutunsu ɗaya ne, amma ba abu ɗaya suke nufi ba.

Gargaɗi: ka duba harafin µ da idon basira. Wasu na rubuta shi ug, a harkar magunguna kuma ana rubuta mcg, duk mikrogiram ake nufi. Matsalar ita ce a wasu tsofaffin takardun kwamfuta ana samar da µ ne ta hanyar rubuta m sannan a canza masa salon rubutu, to da zarar an buɗe takardar a wata kwamfutar da ba ta da wannan salon sai ya koma m ɗinsa. Na taɓa riƙe irin wannan takarda a hannuna: arsenik 8 mg/L aka buga a kanta ɓaro-ɓaro, hankalin kowa ya tashi, har an fara maganar rufe rijiyar. Da aka nemo ainihin rubutun da na'ura ta fitar, sai ga shi 8 µg/L ne, wato ƙasa da iyakar 10 µg/L. Tun daga ranar, duk lambar da ta yi mini girma fiye da kima nakan fara zargin harafin kafin in zargi ruwan. Idan kai ne mai rubutawa a Windows, ka danne Alt ka buga 0181 a ɓangaren lambobi, za ka samu µ na gaske wanda ba ya rikiɗa.

Ka kuma lura da ɗigo da waƙafi. A rahotannin Faransanci da Jamusanci ana rubuta 1,5 a inda masu Turancin Ingilishi ke rubuta 1.5, don haka 1,250 na iya zama dubu ɗaya da ɗari biyu da hamsin, yana kuma iya zama ɗaya da kwata.

Mataki na 2: Rubuta tsanin ma'aunai a saman takardarka

Tsanin nauyi yana sauka ne da dubu-dubu. Giram ɗaya miligiram 1000 ne, miligiram ɗaya mikrogiram 1000, mikrogiram ɗaya nanogiram 1000, nanogiram ɗaya pikogiram 1000, pikogiram ɗaya kuma femtogiram 1000. A alamance: g, mg, µg, ng, pg, fg. Duk lokacin da ka sauka mataki ɗaya zuwa ƙaramin ma'auni sai ka ninka lambar da 1000, idan ka hau sai ka raba da 1000. Dalilin a fili yake: ƙaramin ma'auni yana buƙatar lamba mai yawa kafin ya cika nauyin da babba ya cika da lamba kaɗan.

Tsanin ruwa shi ne mai tarko, domin matakansa ba su yi daidai da juna ba. Mita kubik ɗaya lita 1000 ne, lita ɗaya mililita 1000, mililita ɗaya mikrolita 1000, amma a tsakanin lita da mililita akwai desilita, wato dL, wanda goma ne kawai a cikin lita. Wanda ya saba da dubu-dubu yakan zo kan desilita ya ninka da dubu ko da ɗari saboda sabo.

Gargaɗi: babban baƙi da ƙarami ba ɗaya ba ne. mg miligiram ne, Mg kuwa megagiram ne, wato tan guda, kuma alamar sinadarin magniziyam ce. Kada ka bari wayarka ta gyara maka harafin farko ba ka lura ba.

Mataki na 3: Sauya na sama daban, na ƙasa daban

Nan ne zuciyar aikin take. Kowane ma'aunin yawan sinadari yana da ɓangare biyu: nauyin sinadarin a sama, da yawan abin da yake ciki a ƙasa. Kada ka taɓa sauya su lokaci guda. Ka fara da na sama ka rubuta amsar tare da ma'auninta, sannan ka koma na ƙasa.

Ɗauki 250 pg/mL, ana son a mayar da shi ng/L. Na sama: daga pikogiram zuwa nanogiram hawa ne, sai a raba da 1000, a samu 0.25 ng/mL. Na ƙasa: daga mililita zuwa lita, mazubin ya ƙara girma sau dubu, don haka sinadarin da zai ɗauka ya ƙaru sau dubu, sai a ninka da 1000, a samu 250 ng/L. Ka ga lambar ta dawo inda ta faro.

Ka lura cewa dokar ƙasa kishiyar dokar sama ce. A sama, idan ma'auni ya girma lambar raguwa take yi. A ƙasa, idan ma'auni ya girma lambar ƙaruwa take yi. Hanyar da nake koya wa ɗalibai su tuna wannan ita ce su tambayi kansu da baki: idan cokali ɗaya na wannan ruwan yana ɗauke da kaza, bokiti guda zai ɗauki fiye ne ko ƙasa? Ba wanda ke kuskuren amsa wannan.

Daga misalin da ya gabata za ka fahimci cewa akwai ma'aunan da tagwaye ne, lambarsu ba ta canzawa, kuma haddace su yana rage aiki matuƙa:

mg/L = µg/mL = g/m³
µg/L = ng/mL = mg/m³
ng/L = pg/mL = µg/m³

Saboda haka idan likita ya ce 30 ng/mL, mai gwajin ruwa kuma ya ce 30 µg/L, magana ɗaya suke yi.

Mataki na 4: ppm, ppb da ppt a cikin ruwa

Waɗannan ukun rabo ne, ba su ɗauke da giram ko lita a jikinsu. ppm kashi ɗaya ne cikin miliyan, ppb kashi ɗaya cikin biliyan, ppt kashi ɗaya cikin tiriliyan. Domin a ji ƙanƙantarsu a jiki, ppm ɗaya kamar daƙiƙa (sakan) ɗaya ce a cikin kwana goma sha ɗaya da rabi, ppb ɗaya daƙiƙa ɗaya a cikin kusan shekara 32, ppt ɗaya kuwa daƙiƙa ɗaya a cikin kusan shekara 31,700.

A ruwan sha da sauran ruwa marar kauri, lita ɗaya tana da nauyin kusan kilogiram ɗaya, wato miligiram miliyan ɗaya. Wannan ne ya sa ake ɗaukar 1 ppm daidai da 1 mg/L, 1 ppb daidai da 1 µg/L, 1 ppt daidai da 1 ng/L. Da haka za ka iya karanta iyakokin Hukumar Lafiya ta Duniya ta kowace fuska: kadmiyam 3 µg/L shi ne 3 ppb ko 0.003 mg/L, zaiba 6 µg/L shi ne 0.006 ppm, fuloraid 1.5 mg/L kuma shi ne 1500 ppb. A shekarar 2024 hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, ta sanya iyakar 4 ng/L ga kowanne daga sinadaran PFOA da PFOS a ruwan sha. Idan ka ɗauki kwamin ninkaya irin na gasar Olamfik, mai lita miliyan biyu da rabi, iyakar nan tana nufin miligiram 10 kacal a cikin kwamin gaba ɗaya. Wanda ya rikita ng da µg a irin wannan awo zai ce ruwan da ya wuce iyaka sau ɗaruruwa lafiya lau yake.

Idan an ba ka kashi cikin ɗari, 1% daidai yake da 10,000 ppm.

Gargaɗi na farko: daidaiton ppm da mg/L yana tsayawa ne a inda lita ɗaya ke da nauyin kilo ɗaya. Litar ruwan teku tana kai kusan kilo 1.025, bambancin da sau da yawa ba ya canza hukunci, amma litar man girki kusan kilo 0.92 ce, ta sinadarin etanol kuma kusan 0.79. A irin waɗannan sai ka raba da nauyin lita: 46 µg/L a cikin man da litarsa ke da kilo 0.92 zai zama 50 µg/kg, wato 50 ppb.

Gargaɗi na biyu: ppt yana da ma'ana biyu. Masu auna gishirin ruwan teku suna amfani da shi a matsayin kashi ɗaya cikin dubu, shi ya sa za ka ga an ce gishirin teku kusan 35 ppt ne, wato giram 35 a kilo. Tsakanin ma'anonin biyu akwai ninki biliyan guda. Haka kuma kalmar da Turancin Ingilishi ke kiran biliyan da ita, a Faransanci da Jamusanci tana nufin tiriliyan. Wannan ruɗani ne ya sa hukumar BIPM, mai kula da tsarin ma'aunai na duniya daga Faransa, ta ba da shawarar a guji ppb da ppt. Ni ma ra'ayina ke nan: ka iya karanta su domin za ka ci karo da su kullum, amma idan kai ne mai rubuta rahoto ka rubuta µg/L ko ng/L, wanda ba ya karɓar fassara biyu.

Mataki na 5: Ƙasa, abinci da sauran daskararrun abubuwa

A nan nauyi ne bisa nauyi, don haka daidaiton cikakke ne ba kusan-kusan ba: mg/kg shi ne ppm kuma shi ne µg/g, µg/kg shi ne ppb kuma shi ne ng/g. Iyakar 20 ppb da hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta sanya wa gubar aflatoksin a abincin mutane tana nufin 20 µg/kg.

Wahalar tana wani wuri daban. Na'urar gwaji ba ta auna ƙasa ko hatsi kai tsaye a mafi yawan hanyoyin awo. Ana narkar da ɗan samfur ne a cikin asid, a cika shi da ruwa zuwa wani adadi, wani lokaci a sake sirka shi, sannan na'ura ta karanta ruwan. Lambar da ta fito ta ruwan ce, ba ta ƙasar ba, kuma dole ka koma da baya mataki-mataki.

A ce an auna ƙasa giram 0.5, an narkar da ita an cika zuwa mililita 50, an ɗebi kaɗan an sirka sau goma, na'ura ta karanta dalma 40 µg/L. Da farko ka mayar da sirkin: 40 sau 10 ya ba da 400 µg/L. Sannan ka nemo nauyin dalmar da ke cikin kwalbar gaba ɗaya: mililita 50 lita 0.05 ne, 400 sau 0.05 ya ba da mikrogiram 20. Daga nan ka raba da nauyin ƙasar: 20 a raba da 0.5 ya ba da 40 µg/g, wato 40 mg/kg. Ka duba yadda lambar farko da ta ƙarshe suka zo ɗaya, 40 da 40, alhali ɗaya ppb ce a ruwa ɗaya kuma ppm ce a ƙasa. Da gangan na zaɓi misalin, domin irin wannan dacen ne ke sa mai gaggawa ya kwafi lambar na'ura ya liƙa mata µg/kg, ya rage sakamakon sau dubu.

Gargaɗi: "sirka sau goma" yana nufin kashi ɗaya na samfur a cikin jimillar kashi goma, wato ɗaya na samfur da tara na ruwa. Idan an zuba goma na ruwa a kan ɗaya na samfur, ninkin sirkin 11 ne. Rubutun 1:10 ana fahimtarsa ta fuska biyun, don haka ka tambayi wanda ya yi aikin ainihin abin da ya zuba.

Sai batun danshi. Ka duba ko sakamakon na busasshen nauyi ne ko na ɗanye. Idan ƙasar da aka auna tana da danshi kashi 20 cikin ɗari, busasshen ɓangarenta 0.8 ne, don haka 40 mg/kg na ɗanye zai zama 40 a raba da 0.8, wato 50 mg/kg na busasshe. Lambar busasshe kullum ita ce babba. Idan lissafinka ya ba ka ƙarama, ka ninka ne a inda ya kamata ka raba.

Mataki na 6: Gwajin jini, desilita da mol

Ana yawan rubuta dalmar jini da µg/dL. Tun daga 2021 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, tana amfani da 3.5 µg/dL a matsayin mizanin da ake gane yaran da dalmar jininsu ta ɗara ta sauran yara. Domin mayar da shi lita sai ka ninka da 10, ka samu 35 µg/L, ko 0.035 mg/L.

Wasu ƙasashe kuma suna rubuta sakamako da mol, kamar µmol/L ko nmol/L. Mol ƙidayar ƙwayoyin sinadari ne, ba nauyinsu ba, saboda haka babu lamba ɗaya da ke aiki ga kowane sinadari. Kowanne yana da nauyin mol ɗinsa. Tsarin shi ne ka fara kai ma'aunin ƙasa zuwa lita, sannan ka raba da nauyin mol. Nauyin mol na dalma giram 207.2 ne, don haka 35 µg/L a raba da 207.2 ya ba da 0.169 µmol/L. Ga nau'in bitamin D da ake aunawa a jini, nauyin mol kusan 400.6 ne: 20 ng/mL tagwayen 20 µg/L ne, a raba da 400.6 a samu kusan 0.05 µmol/L, wato 50 nmol/L. Daga nan ne lambar 2.5 da ake ninka sakamakon bitamin D da ita ta samo asali. Idan za ka dawo daga mol zuwa nauyi, sai ka ninka da nauyin mol.

Gargaɗi: kada ka ari lambar sauyin wani sinadari ka yi wa wani aiki da ita. Kuma sauya ma'auni ba fassara sakamako ba ne. Abin da lambar ke nufi ga lafiyar mutum aikin likita ne.

Mataki na 7: Iska

Wannan matakin ne ya fi kayar da waɗanda suka saba da ruwa. A iska, ppm da ppb suna nufin rabon sarari bisa sarari, ko ƙwaya bisa ƙwaya, ba nauyi bisa nauyi ba, don haka wasu ke rubuta ppbv domin bambantawa. Kafin ka mayar da ppb zuwa µg/m³ kana buƙatar abu biyu: nauyin mol na iskar gas ɗin, da girman wurin da mol ɗaya ke cikawa a yanayin zafi da matsin da ake magana. A zafin digiri 25 na ma'aunin Salsiyos da matsin iska na bakin teku, lambar da aka saba amfani da ita ita ce lita 24.45.

Ƙa'idar ita ce: µg/m³ = ppb × nauyin mol ÷ 24.45

A ce na'ura ta nuna iskar naitirojin dayoksaid, NO₂, ta kai 20 ppb. Nauyin mol ɗinta 46.01 ne. 20 sau 46.01 a raba da 24.45 ya ba da 37.6 µg/m³, wanda ya haura 25 µg/m³ da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2021 a matsayin matsakaicin awa 24. Wanda ya kwatanta 20 da 25 kai tsaye zai ce iskar lafiya lau take. Idan za ka juya lissafin, sai ka ninka da 24.45 ka raba da nauyin mol: iyakar 100 µg/m³ da wannan hukuma ta sanya wa iskar ozon, mai nauyin mol 48, tana kai wa kusan 51 ppb.

Gargaɗi: 24.45 ba ta kowane yanayi ba ce. A digiri 20, wanda dokokin Tarayyar Turai ke amfani da shi ga iskar gas, lambar kusan 24.06 ce, a digiri sifili kuma 22.41. Ka duba wane zafi ƙa'idar da kake bi ta ɗauka, ka yi aiki da shi, ka kuma rubuta shi a rahotonka. A wurare masu tudu sosai matsin iska yana raguwa, mol ɗaya yana cika wuri mafi girma, don haka lambar tana ƙaruwa.

Ƙurar iska kuwa, irin su PM2.5 da PM10, ba a mayar da ita ppb sam, domin gaurayen abubuwa ce da ba ta da nauyin mol guda. Da µg/m³ ake barinta.

Mataki na 8: Duba da wane suna aka rubuta sinadarin

Wani lokaci ma'aunan biyu iri ɗaya ne, mg/L da mg/L, amma duk da haka ba za su kwatantu ba. Naitiret ne babban misali. Wasu ɗakunan gwaji suna ba da nauyin naitiret gaba ɗayansa, NO₃, wasu kuma suna ba da nauyin naitirojin da ke cikinsa kawai, su rubuta NO₃-N. Nauyin mol na naitiret 62 ne, na naitirojin 14, rabonsu 4.43. Iyakar Hukumar Lafiya ta Duniya 50 mg/L ce a matsayin NO₃, wanda ya yi daidai da kusan 11 mg/L a matsayin naitirojin, Amurka kuma tana amfani da 10 mg/L a matsayin naitirojin. Don haka takardar da ta ce 12 mg/L NO₃-N tana nufin 12 sau 4.43, wato kusan 53 mg/L na naitiret, ya wuce iyaka, ko da yake 12 ya yi nisa da 50 a ido. Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne, domin jarirai ne naitiret ya fi yi wa illa. Fosfet ma haka yake: daga P zuwa PO₄ ana ninkawa da 3.07.

Mataki na 9: Alamar "ƙasa da" da yawan lambobi

Idan ka ga <0.5 µg/L, ko ND, wato "ba a gano ba", ba a ce sinadarin babu shi ba; an ce dai bai kai iyakar abin da hanyar gwajin ke iya ganowa ba. Ka sauya lambar tare da alamarta: <0.5 µg/L ya zama <0.0005 mg/L ko <500 ng/L. Kada ka mayar da shi sifili, kada kuma ka jefar da alamar.

Bayan ka sauya, ka kwatanta iyakar ganowar da iyakar doka. Idan takarda ta ce kadmiyam <0.01 mg/L, wato <10 µg/L, alhali iyakar 3 µg/L ce, to gwajin bai amsa tambayarka ba, domin ruwan na iya ɗauke da 8 µg/L na'urar ba ta gani ba. Abin yi shi ne a nemi hanyar gwaji mafi kaifi, kuma ya fi sauƙi da arha a tambayi ɗakin gwaji iyakar ganowarsu tun kafin a kai samfur.

Game da yawan lambobi, sauya ma'auni ba ya ƙara wa awo inganci. Idan an ba ka 0.012 mg/L, lambobi biyu ne masu ma'ana, amsarka 12 µg/L ce, ba 12.000 ba. Ka bar kalkuleta ta riƙe dukkan lambobinta a tsakiyar lissafi, ka taƙaita sau ɗaya a ƙarshe.

Mataki na 10: Idan sakamakon yana da yawa, da yadda za ka tabbatar da amsa

A Excel, ka ware layin tsaye ɗaya ga lambar asali, ɗaya ga ma'auninta, ɗaya ga lambar sauyi, ɗaya ga amsa, kuma kada ka taɓa rubuta amsa a kan lambar asali. Umarnin CONVERT yana sauya nauyi, misali =CONVERT(12,"ug","mg") zai ba ka 0.012, amma ɓangare ɗaya yake sauyawa a lokaci guda, don haka dokar mataki na 3 tana nan.

Gargaɗi: idan an saita gurbin ya nuna lamba biyu bayan ɗigo, 0.003 zai bayyana a matsayin 0.00, kuma wanda ya buga takardar a haka ya shafe sakamakon. Rubutun 3E-03 kuma yana nufin 0.003, wato a tura ɗigo gida uku hagu. Sannan Excel yana ɗaukar <0.5 a matsayin rubutu, umarnin AVERAGE kuma yana tsallake rubutu ba tare da ya sanar da kai ba, sai matsakaicin ya fito sama da yadda ya kamata domin an bar ƙananan sakamako a waje. Wasu masu bincike suna saka rabin iyakar ganowa a gurbin irin waɗannan. Idan ka yi haka, ka faɗa a rahoton.

Kafin ka sa hannu a kan kowace amsa, ka yi mata gwaji biyu. Na farko, ka mayar da ita ma'aunin asali ta hanyar juya lissafin, ka ga ko lambar farko za ta dawo. Na biyu, ka ajiye ta kusa da wata lamba da ka sani ta irin wannan samfurin: dalma a ruwan sha ana maganarta ne da 'yan mikrogiram a lita, fuloraid da kusan miligiram ɗaya, PFOA da 'yan nanogiram. Idan amsarka ta ce fuloraid 800 mg/L a ruwan famfo, kusan tabbas 800 µg/L ne, wato 0.8 mg/L, sai ka koma layin da ka sauya ma'aunin sama ka duba ko ka tsallake rabawa da 1000.